Ƙodar Auta

Tun daga yadda mahaifiyar Kafinta ta ɗosana a bakin kujera, ta ƙi ko kallon shayin da aka ajiye mata, Auta ta san ba alheri ne ya kawo ta ba. Saura mako bakwai a ɗaura aurenta da ɗan matar nan, auren da aka yi shekara biyu ana kai ruwa rana kafin manya su amince. Ta laɓe a bayan labulen falo da tire a hannu.

"Ba zan yi miki kwana-kwana ba," in ji matar, tana fuskantar Umma. "Labari ya iso min wai 'yarki ce za ta ba wanta ƙoda. Haka ne?"

"Gwaji dai aka yi," Umma ta amsa a sanyaye. "Su huɗu aka gwada a dangi, nata ne kaɗai ya dace."

"To, Allah ya ba shi lafiya, wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Amma ni ɗa ɗaya gare ni. Ba zan zuba ido ya auro macen da aka farka aka cire mata rabin ciki ba, gobe haihuwa ta zo ta tafi da ita, ko ta zauna min shekara goma babu ko ɓari. Ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata, ranar maganar aure ta mutu."

"Haba 'yar'uwa, ki dubi..."

"Na duba. Kwana uku ban yi barci ba ina dubawa."

Auta ba ta motsa daga bayan labulen ba har matar ta yi sallama ta fita.

Umma ba ta ɗago ba, sai murza bakin mayafinta take yi.

"Fito, na san kina nan. Kin ji da kunnenki. Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kar ki yi ba, ku biyun duk ni na haife ku." Auta ta fito ta tsaya a gabanta. "Amma Auta, jiya da na danna ƙafarsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Kamar na danna ɗanyen yumɓu."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwarta, suka yi ta kuka, babu mai rarrashin wata.

Yaya ne ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, lokacin tana aji uku. Direban babbar mota ne, ƙato, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. Shi ya saya mata keken ɗinkinta na farko, ya ɗauko shi a ka har cikin ɗaki yana cewa a ba shi hanya ga kamfani ya iso. Wata tara ke nan da ƙodojinsa biyu suka tsaya. Sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda, awa huɗu a kwance, jininsa na fita ta siririn tiyo ya zagaya cikin na'ura ya dawo. 'Ya'yansa mata biyu sun daina hawa wuyansa, don an ce musu Baba ba ya son nauyi.

Akwai kuma abin da Auta ba ta gaya wa kowa ba. Ba rasa auren kaɗai take tsoro ba. Wuƙar take tsoro. Ita da ko allurar rigakafi sai an riƙe ta, tun ranar da sakamako ya fito duk sanda ta sa almakashi a yadi sai tsigar jikinta ta tashi, ta ji kamar gefen cikinta ake yanka.

*

Washegari ta biya kantin magani na bakin layinsu karɓo wa Yaya maganin hawan jini. Mai kemis ya daɗe yana sonta, ya aiko sau biyu ana ba shi haƙuri. Yau da ya gan ta sai ya sallami mai sayen da ke gabansa da sauri, ya jingino da teburin kantin.

"Na ji abin da ya faru. Wallahi jahilci ne. Ni da na san harkar magani, ko da rabin ƙoda ne zan aure ki."

"Maganin na zo karɓa."

"Ga shi nan, ai naki ne." Ya rage murya, ya waiga. "Amma me zai sa a taɓa lafiyar jikinki? Na san mutane. Akwai samari da yawa da za su rabu da tasu idan aka yi musu magana yadda ya kamata. Ba a asibitinku ake yi ba, wani wuri ne, babu tambaya babu takarda. Ke dai ki ce min e, sauran ki bar min."

Ta dube shi. Murmushi yake yi, irin wanda yake yi idan yana miƙa maganin tari. Ta tuna samarin da ke dako a bakin tasha, ta ga ɗayansu kwance a wani ɗaki marar taga, babu wanda ya san inda yake. Ta fizgi ledar maganin ta fita har tana tuntuɓe da dakali.

Ba gida ta nufa ba. Shagon Kafinta ta nufa.

Ta tarar da shi yana goge ƙofar wata durowa, garin katako ya yi masa fari a gira. Da ya gan ta ya ajiye abin gugar, ya yi saurin sauke hannun rigarsa, amma ta riga ta ga filastar da ke gwiwar hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Ƙusa ce."

"Ƙusa a cikin jijiya? Kar ka mai da ni yarinya."

Ya zauna a kan benci ya sunkuyar da kai.

"Na je an gwada ni. Tun makon jiya, kafin ma Mama ta ji labari. Na ce in dai tawa za ta yi, a cire, ke a ƙyale ki. Da farko na yi murna, suka ce rukunin jininmu ɗaya da Yaya. Yau da safe suka sake kirana. Wai sun haɗa ruwan jininsa da nawa a ɗan kwano, nasa ya far wa nawa ya kashe. Suka ce in an dasa masa tawa, jikinsa zai ƙi ta nan take." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin gani? Dama tun farko Yaya bai so ni ba, ashe har jininsa."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

"Ka je a yanka ka ba ka gaya min ba?"

"Da kin hana."

"Da na hana mana! To yanzu fa? Mama ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Ni ma ta ce min in na aure ki bayan an yi, ba ta yafe min ba duniya da lahira." Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. "Na durƙusa mata, Auta. Na kama ƙafarta. Tun ina ɗan shekara shida take wanki da guga tana ciyar da ni, ban taɓa ce mata a'a ba. Kuma ban san yadda ake rayuwa babu ke ba. Ki gaya min wace zan yanke."

"Ni ka ke tambaya? Ni da aka ce in zaɓa tsakanin kai da ran yayana?"

"Ban ce ki zaɓe ni ba. Wallahi in kika bar shi ya mutu saboda ni, ba za ki ƙara iya kallon fuskata ba. Na san ki."

Ta share hawaye da bayan hannu, wasu suka sake zubowa.

"Tsoro nake ji," ta ce a hankali. "In aka sa min maganin barci ban farka ba fa?"

Ya juya ya dafa durowar da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza.

*

Ranar Laraba Likita ta kira ta ita kaɗai. Mace ce mai furfura a goshi, ba ta gaggawar magana. Ta sa Umma ta jira a waje, ta rufe ƙofa da kanta.

"Likita," Auta ta riga ta, "don Allah ba za a samu wani ba? Na ji an ce wata mata a ɗakin sama an dasa mata ido, kuma ba ɗan'uwanta ne ya ba ta ba."

"Tantanin ido ne, shi daban yake. Jini ba ya ratsa shi, don haka galibi ba ya buƙatar wannan dogon gwajin. Dashe iri-iri ne, 'yata. Hanta ana yankar ɓangare, ta sake tohowa. Ɓargo shi ya fi kowanne tsantseni, sai mai bayarwa ya yi kusan daidai da mai karɓa. Ƙoda kuwa bare ma yana iya bayarwa, in jiki ya yarda."

Ta jawo takarda ta zana ƙananan da'irori shida a jere, ta sake zana shida a ƙasansu.

"Bayan rukunin jini, akwai alamomi shida da muke dubawa, uku daga uwa, uku daga uba. Ke da yayanki duka shidan iri ɗaya ne. Ko a 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya cikin huɗu ne ke samun haka. Shi kuma an yi masa ƙarin jini sau da yawa, jikinsa ya koyi faɗa da baƙo. Taki ce kaɗai muka gwada jininsa bai ɗauke ta baƙuwa ba."

Auta ta ƙura wa da'irorin ido.

"Zan haihu?"

"Mata da yawa sun bayar sun haihu lafiya. Za ki jira kamar shekara kafin ɗaukar ciki, kuma za mu sa miki ido sosai, don haɗarin hawan jini lokacin goyon ciki yana ɗan ƙaruwa. Ba zan ce miki babu haɗari ba, tiyata ce. Amma ƙoda ɗaya lafiyayyiya tana riƙe mutum har tsufa."

Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Yanzu ki saurare ni da kyau, wannan shi ya sa na fitar da mahaifiyarki. Idan ba kya so, ki gaya min. Zan ce wa danginki binciken ƙarshe ya nuna bai kamata ki bayar ba. Ba zan faɗi dalili ba. Babu wanda zai taɓa sani, ko ita, ko shi."

Auta ta ɗago ta dubi Likita.

Ashe akwai ƙofa. Kalma ɗaya za ta faɗa, Mama ta sauko, a ɗaura aure nan da mako bakwai, cikinta lafiya lau babu ko tabo. Umma za ta rungume ta ta ce haka Allah ya so. Har Yaya ma zai ce kar ta damu, ai ta yi niyya. Ta ji daɗin abin ya ratsa ta har tafin ƙafa, daɗin ya tsorata ta fiye da wuƙar.

"In ban bayar ba, shekara nawa zai yi a kan na'ura?"

"Allah ne masani. Wasu suna daɗewa. Amma jijiyoyin hannunsa sun fara gajiya, kuma zuciyarsa tana wahala."

Ta ga kanta a ɗakin aure, 'ya'yan Yaya sun zo mata hutu, ƙaramar tana tambaya, Gwaggo, da gaske taki ba ta yi ba? Ta ga kanta tana cewa e. Yau, gobe, har ranar da za ta mutu.

"Likita, jikina rawa yake."

"Na gani. Wanda ya shigo nan bai ji tsoro ba, shi nake sake yi wa tambayoyi. Ki je gida ki ƙara tunani, babu mai korar ki."

"In na je gida ba zan dawo ba. Ba ni biro in sa hannu a takardar amincewa."

Sa hannun ya fito a karkace, kamar na mai koyon rubutu.

Ta fito ta kama hannun Umma, suka gangara ɗakin wankin ƙoda don ta gaya wa Yaya da bakinta. Na'urori suna ta ƙara a jere, kowace da mutuminta. Gado na huɗu, gadon Yaya, a gyare yake tsaf, babu kowa a kai.

"Bai zo ba," in ji nas ɗin da ke wurin. "Ranar Litinin ma bai zo ba, matarsa ta ce ya ce mata an canza masa rana. Babu wanda ya canza. Kwana biyar ke nan rabonsa da na'ura, ku nemo shi, ruwa zai iya cika masa huhu."

Umma ta dafa bango. A daidai lokacin wayar Auta ta yi ƙara. Kafinta ne, muryarsa a sama.

"Ki zo gidanmu yanzu-yanzu. Yaya yana nan."

*

A ƙasa ta same shi, durƙushe a tsakar ɗakin mahaifiyar Kafinta. Fuskarsa ta kumbura har idanu sun shige, numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan zarto. Matar tana tsaye a kansa ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Ka tashi, don Allah ka tashi, bawan Allah."

"Ba zan tashi ba, Mama, sai kin ji ni." Yana magana yana tsayawa neman iska. "Na ji... abin da kika ce. Kina da gaskiya. Na zo in rantse miki... ba zan karɓa ba. Ko an kawo min ita a faranti. Kar ki raba yaran nan saboda ni. Ni na ci zamanina."

"Yaya!" Auta ta faɗo ɗakin. "Na riga na sa hannu!"

Ya juyo da ƙyar.

"Ki je ki goge."

"Ba zan goge ba!"

"Ni ne babba, Auta. Ban raine ki... don in cinye ki ba."

"Ni ma ban girma don in binne ka ba! Shekararka nawa da za ka ce ka ci zamaninka? Wa zai kai yaranka makaranta? Ka san irin tsoron da na haɗiye kafin in riƙe biron nan? Ba ka isa ka mai da shi banza ba, wallahi ba ka isa ba!"

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai tari ya sarƙe shi, kumfa ta fito a gefen bakinsa, ya tafi luu ta gefe.

Mahaifiyar Kafinta ce ta tare kansa kafin ya bugi ƙasa.

"Kawo mota!" ta daka wa ɗanta tsawa. "Tsayuwar me kake yi? Kawo mota!"

A bayan motar ɗaukar katako suka sa shi. Matar ta hau ba tare da an ce ta hau ba, ko takalmi babu, ta jingina shi da ƙirjinta don ya sami iska, tana share masa baki da mayafinta. Auta ta riƙe hannunsa mai sanyi tana ƙirga numfashinsa, duk wanda ya fita sai ta ji kamar shi ne na ƙarshe. A kowace mahaɗa Kafinta yana danna oda yana ihu a ba shi hanya.

Aka shige da shi aka rufe ƙofa.

Suka zauna a dogon benci, rana tana karkata ta tagar baranda. Umma tana jan carbi, leɓɓanta kawai ke motsi. Kafinta ya kasa zama. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Duk sanda ƙofar ta motsa sai Auta ta ɗago kai.

Can mahaifiyar Kafinta ta yi magana, idonta a kan ƙafafunta marasa takalmi.

"Na san irin wannan numfashin. Wan wannan yaron haka ya yi a hannuna har ya cika, yana da shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa ba da labarin ba." Ta ɗago ta dubi Kafinta. "Babu likitan da ya ce min ga abin da za ki ba shi ya tashi. Da an ce, da na ce a kwashe ƙodojina duka biyun."

Auta ta ji hawaye masu ɗumi suna bin wuyanta.

Ƙofar ta buɗe, Likita ta fito tana cire safar hannu. Duk suka miƙe.

"Mun samu kansa. Yana kan na'ura, ruwan yana sauka."

Umma ta zube a ƙasa tana hamdala.

"Amma ba zai jure irin wannan sau biyu ba," Likita ta ci gaba. "Da zarar ya yi ƙarfi ya kamata a yi aikin, ba sai an ja lokaci ba. Matsalar ita ce, yana buɗe ido abin da ya fara ce min shi ne ya yi rantsuwa ba zai karɓa ba. In bai yarda ba, babu abin da zan iya."

Auta ta dubi Kafinta, shi kuma ya dubi uwarsa.

Matar ta gyara ɗaurin mayafinta, ta ja dogon numfashi.

"Ni ya rantse wa," ta ce. "Ni zan je in ce masa ban karɓi rantsuwar ba. Wane ɗaki ne?"

Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta waiwayo.

"Taso ki raka ni, 'yata, ban san hanya ba."

Auta ta matso. Ta miƙa hannu, matar ta damƙe shi gam, suka tura ƙofar tare.